Kim Ba Riga Ba Ce

Makon jiya 'yar ƙanwata ta miƙo min wayarta tana murmushi. "Kawu, duba sabon sunana na Koriya." Na duba. Wata manhaja ce ta tambaye ta watan haihuwarta, ta ce ita Kim ce, ta tambayi ranar, ta liƙa mata sauran. Ƙawayenta duk sun yi: wannan Park, waccan Lee. Tun ranar abin yake cina.

Kun san ni da fina-finan Koriya, tun zamanin Jumong nake kallo, don haka kada wani ya ce ƙyashi ne. Abin da ke ɓata min rai shi ne yadda aka mai da sunan zuri'ar mutane kamar rigar gwanjo, kowa ya zo ya gwada.

A Koriya sunan dangi ne ke zuwa farko. Son Heung-min ɗan gidan Son ne, Ban Ki-moon kuwa Ban ne, duk da yawan waɗanda suka riƙa kiransa Mista Moon a shekarun da ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya. Kim, Lee da Park kaɗai sun kusa rabin mutanen Koriya ta Kudu, amma ba kowane Kim ne ɗan'uwan wani Kim ba. Akwai abin da suke kira bon-gwan, garin da kakan zuri'a ya fito: Kim na Gimhae daban, Kim na Gyeongju daban. Mace ko ta yi aure tana riƙe da sunan gidan ubanta. A gidaje masu bin tsohuwar al'ada, gaɓa ɗaya cikin gaɓoɓi biyun sunan yanka ta tsara ce, wa da ƙane da 'ya'yan baffa duk suna ɗauke da ita. To duk wannan ne manhaja za ta raba bisa watan haihuwa? Wace Kim ce ke, 'yata, ta wane gari? Mu da sai an kwana bakwai, an tara jama'a, an yanka rago kafin a raɗa wa jariri suna, mu ne ya kamata mu fi kowa jin nauyin abin.

Kuma abin takaicin, akwai wasan da ya fi wannan daɗi nesa ba kusa ba, yana nan a gabansu sun tsallake shi: rubuta sunanka na gaskiya da baƙaƙen Hangul, wato rubutun Koriya. Sarki Sejong ne ya ƙirƙiro rubutun a 1443, aka bayyana shi ga jama'a a 1446. Haruffa 24 ne a yau, ana harhaɗa su gaɓa-gaɓa kamar tubali. Harshen Koriya ba ya son baƙaƙe su yi cunkoso, sai ya cusa wani ɗan wasali mai kama da u, wanda ake furtawa ba tare da an tsuke leɓe ba. Ku saurari abin da ke fitowa. Muhammad ya koma Mu-ham-ma-du. Zainab ta koma Ja-i-na-bu, don ba su da z. Ba su da f, sai Fatima ta zama Patima. Da na fara jin haka, wallahi daɗi ya kama ni. Ashe ba mu kaɗai ne ke cewa Muhammadu da Zainabu ba! Bakin da ya haifi asibiti da sukudireba ya samu ɗan'uwa a can gabashin duniya. Hatta rikicin f da p da ake yi mana dariya a kansa, su ma nasu ne.

Na yarda, yara ne, nishaɗi suke yi, kuma su kansu Koriyawa sukan raɗa wa baƙon da suka shaƙu da shi suna irin nasu. Amma wannan kyauta ce daga wanda ya san ka. Na kuma yarda rubutun sunan baƙi a can bai rasa tasa matsalar ba. A 2024 gwamnatinsu ta fitar da ƙa'idar cewa a takardun hukuma sunan dangin baƙo zai zo farko, aka ba da misali da Tom Sawyer ya zama Sawyer Tom, mutane suka yi ta ce-ce-ku-ce. Bahaushe mai sunansa, da na ubansa, da na garinsu, ban san inda za a kama shi ba. Duk da haka sunanka ne aka juya, bai zama na wani ba.

Jiya na zaunar da ita da takarda da biro. Kafin la'asar ta gane wasulan, ta rubuta sunanta na yanka a gaɓa huɗu, ta karanta da ƙarfi, ta sake karantawa. Sai ta ɗago ta ce, "Kawu, kawo naka."