Mai Kula da Uwar Garken Imel

Akwai wani matashi ɗan Unguwar Rogo da ke riƙe da uwar garken imel ta wani ofis a Sakkwato, wato babbar kwamfutar da ke karɓar wasiƙun ma'aikata, ta raba, ta adana, har ta riƙe musu jadawalin taro. Manhajar da ke kanta ita ce Exchange Server, wadda Microsoft ya fara fitarwa a 1996.

Da ya shiga ɗakin uwar garken, ba madannai yake fara taɓawa ba. Bayan akwatin yake zagayawa, ya kara bayan hannunsa ya ji ɗumin iskar da fanka ke hurowa. A garin da zafin Afrilu kan haura digiri 40, hunturu kuma ya cusa ƙura a kowace kafa, hannun nan kan riga allo ba da labari. Ya leƙa batiran inbata, sannan ya zauna.

Layin wasiƙun da ba su tafi ba yake fara buɗewa. Ashe wasiƙa ba ta faɗawa gidan mutane kai tsaye. Uwar garke takan tambayi kundin adireshin intanet wace na'ura ce ke karɓar saƙon wancan ofis, sannan ta yi sallama da kalmar EHLO. In an amsa da 250, an ce bismilla ke nan. Amsar da ta fara da 4 na nufin a dawo anjima, uwar garken ta yi ta komawa har kwana biyu kafin ta haƙura. Wadda ta fara da 5 kuwa ƙi ne ƙarara. Wannan ƙa'ida, SMTP, tun 1982 take aiki. Kallo ɗaya matashin ya yi wa lambobin ya san ko matsalar daga gida take ko daga can.

Inda ya fi burge ni shi ne wajen ajiya. Exchange kan rubuta kowane motsi a ƙananan fayiloli kafin ya shigar da shi rumbu, kuma ba ya share su sai an kwafi rumbun lafiya. In kwafin ya tsaya ba a lura ba, su taru su cika faifai, imel ɗin ofis gaba ɗaya ya tsaya cak. Rago ya ga koriyar alamar cewa an yi kwafin ya tafi shan shayi. Shi kuwa lokaci-lokaci yakan ɗauko kwafin, ya farfaɗo da akwatin wasiƙa guda a gefe, ya ga da idonsa cewa yana buɗuwa.

Sai faci, wato gyaran da kamfani ke turowa don toshe ɓaraka. A Maris 2021 masu kutse sun shiga dubun-dubatar uwayen garken Exchange a duniya, wasu ma bayan facin ya fito, don masu su sun ce sai gobe. Nasa daren Asabar yake sakawa bayan isha'i, ya aika wa kansa wasiƙar gwaji daga waya, in ta iso ya kulle ɗaki.