Mahaukacin Fim: Yaushe Za A Ba Shi Baki?

Mai karatu, ka san shi sarai. Tsumma a jiki, toka a ka, yara na bin sa da jifa. Tun kafin fim ya yi rabi ka gane kishiyar uwa ce ta yi masa asiri. Can ƙarshe malam ya zo ya yi ruƙiyya ta minti uku, mara lafiya ya yi atishawa, ya miƙe garau. Sai waƙa. A littattafanmu na soyayya ma haka zancen yake.

Ba addu'a nake suka ba, kowa ya san muhimmancinta. Damuwata ita ce darasin da ɗan kallo ke ɗauka. Ɗauki magidanci a Gaya ko Ajingi wanda ƙaninsa ya daina barci, yana magana shi kaɗai. Ya ranto kuɗin mota, suka bi ta Wudil har asibitin Dawanau. Likita ya rubuta magani. To, irin waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, wasu kuma suna sa kasala, ƙiba ko rawar hannu. Fim kuwa ya koya wa bawan Allah cewa waraka ta yini ɗaya ce. Bayan kwana goma sai ya ce maganin asibiti ba ya ci, a watsar. Ciwo ya dawo, a nemi mari. Ba mu manta da ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa, Kaduna, a 2019 ba, wasunsu da sarƙa a ƙafa.

Ga kuma babban giɓin: a finafinan nan ba a taɓa tambayar mara lafiya. Alhali dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba shi 'yancin sa baki a yadda za a yi masa magani. Idan ƙwaya ta dame shi, ya faɗa, likita ya rage ko ya canza. Zaman tattaunawa da masani shi ma magani ne.

Marubuta da daraktoci, labari yana nan: matashi yana shan maganinsa, yana sallarsa, yana gardama da likita, yana fargabar kada gidan su budurwarsa su ji. Wa zai fara ɗaukar wannan?