Tarken Garkuwar Madubi: Jigo da Salo

A 2016 ƴan asalin Amurka na Standing Rock suka tashi hana bututun mai na Dakota Access ratsa ƙarƙashin kogin Misuri. Mai fasaha Cannupa Hanska Luger, haifaffen yankin, ya koya wa jama'a ta bidiyo yadda ake haɗa garkuwar katako mai fuskar madubi. Jigon a fili yake, wato kare ruwa. Salon ne abin nazari. Garkuwar ba ta ɗauke da rubutu ko zambo: in ɗan sanda ya matso, kansa zai gani. Sai dai garkuwa guda ba ta nuna kogin da ake jayayya a kansa. Wannan rauni bai gushe ba sai da mutane suka jeru, suka ɗaga garkuwoyin sama, suna tafiya kamar ruwa mai gudu.