Tsohon Gem da Koyarwar da Babu Baki

Samarin da suka buɗe ido da Free Fire da PUBG a waya suna da hukunci guda a kan wasannin da aka yi yayinsu a gidajen gem na Tsafe da Gusau: wai hoton dishi-dishi ne, mutanen ciki kuma duk kusurwa-kusurwa, don haka a bar su a baya. Wannan hukunci bai da tushe. Kyawun hoto aikin na'ura ne, kuma na'urar bana kullum tana kunyata ta bara. Wasa da tsarinsa ake auna shi.

Tarihin gajere ne. Kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar Famicom a Japan a 1983, Super Mario Bros. ya biyo baya a 1985. Abin da ya iso hannunmu shekaru bayan nan kwaikwayon Famicom ne mai araha, da kaset rawaya mai alƙawarin wasanni dubbai, alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa a ciki. Sai Sega da Mortal Kombat, sai PlayStation da Winning Eleven, wanda yara suka haddace jerin zaɓinsa da ido saboda rubutun Japananci ne.

A nan ne hujjata take. Yaron Bungudu da ya fara riƙe hannun gem bai iya Turanci ba, balle Japananci, kuma babu wanda ya karanta masa ƙa'ida. Duk da haka cikin minti ɗaya ya gane Mario. Ta yaya?

A duba matakin farko da Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa suka tsara. Mario na tsaye a gefen hagu, fuskarsa na kallon dama, gabansa fili fetal. Babu kibiya, babu rubutu, amma hannu ya san inda za a nufa. Kana tafiya sai ga wata 'yar halitta mai ɗaure fuska tana tahowa. In ka tsaya ta taɓa ka, rai ɗaya ya tafi, amma asarar ba ta da yawa tunda a bakin farawa kake. Karo na biyu za ka yi tsalle, wataƙila ka dira a kanta ta baje, ka koyi makaminka. A sama kuma ga bulo mai alamar tambaya yana walƙiya. Ka buga shi da ka, kuɗi ya fito. Ka buga na gaba, sai laimar kwaɗi ta ɓullo, ta gangara dama, ta bugi koren bututu, ta juyo kanka. Sabon ɗan wasa zai ɗauka wata abokiyar gaba ce, ya nemi tsallake ta, amma bulon da ke saman kansa ya tare shi. Dole ta same shi, sai ya ga ya ƙara girma. An tilasta masa alheri domin ya gane bambancin abin gudu da abin nema. Can gaba akwai matakala biyu da ƙasa a tsakaninsu, inda faɗuwa ba ta kisa, sannan irinsu biyu da rami na gaske. An ba ka gwaji kafin jarrabawa.

Duk wannan a cikin kilobait 40 ne, abin da bai kai hoto guda na wayar yau ba. Ƙarancin wuri ya sa gajimare da ciyayi zane ɗaya ne aka sauya wa launi. Wasannin yanzu kuwa sai sun tsayar da kai sun cika maka fuska da bayani kafin ka motsa. Ni a wurina Mario ɗan'uwan dara ne: ƙa'ida kaɗan, zurfi mai yawa, kuma da kallo ake koyo.

Kallon ma wani ginshiƙi ne. Rai uku ake ba ka, babu ajiye inda ka tsaya, in ka faɗi ka miƙa hannu ga na kusa. Saboda haka yara goma da ke tsugune a bayan mai wasa karatu suke yi. Sirrin samun rai 30 a wasan Contra baki da baki ya zagaya unguwanni, babu intanet. Dattawan da ke cewa gidan gem ɓata lokaci ne suna da gaskiya a kan yaron da ya gudu daga makarantar allo, amma wannan laifin rashin tsawatarwa ne.

Akwai kuma batun mallaka. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, duk wasan da ke dogaro da data ya mutu a cikin waya har tsawon makonni. Kaset da faifai ba su san an yi ba, wuta kawai suke nema. Abin da ka saya naka ne, ba wani kamfani a wata ƙasa da zai rufe maka shi ko ya ce sai ka sayi sabuwar riga da bindiga. Shi ya sa nake roƙon masu gidajen gem na Gusau da Tsafe, waɗanda duk talabijin ɗinsu ƙwallo ce yanzu, su ware guda ɗaya a kusurwa su jona mata Mario da Contra, su sa kuɗinta ƙasa da na saura domin ƙananan yara.