Lada da La'ada: Nazarin Yinin Baƙo a Chiang Mai

Kamfanonin yawon buɗe ido na birnin Chiang Mai, a arewacin ƙasar Tailan, suna da wani tsari na yini guda da suke sayar wa baƙi, kuma kusan iri ɗaya ne ko'ina ka tambaya. Da hantsi mota ta ɗauki baƙo daga masaukinsa ta hau da shi dutsen Doi Suthep. Daga nan ta sauko da shi tsohon gari ya leƙa wuraren bauta biyu ko uku na mabiya addinin Buddha, a ci abincin rana, sannan a miƙi hanyar San Kamphaeng da ke gabas da gari, inda masu yin laima, masaƙan siliki da maƙeran azurfa suke jere. Kafin magariba an dawo da shi da leda a hannu. Safiya ta addini, yamma ta ciniki. Wannan rabon shi ne abin dubawa, domin a tarihin garin babu shi. Masu sayar da tikiti ne suka ƙirƙiro shi.

Sarki Mangrai ya kafa Chiang Mai a 1296 ya mai da shi fadar daular Lanna. Har yau ramin ganuwar yana nan cike da ruwa, ya kewaye tsohon garin ta kusurwa huɗu. A ciki ne Wat Phra Singh yake, wanda aka fara ginawa a 1345 don ajiye tokar wani sarki, da Wat Chedi Luang mai hasumiyar da ta kai kusan mita 80 kafin girgizar ƙasa ta 1545 ta karye mata kai. Jagora zai karanto wa baƙo waɗannan shekaru tiryan-tiryan. Abin da ba kasafai yake faɗa ba shi ne waye ya sassaƙa ƙyauren da baƙon ya jingina da shi, waye ya manna zinariya a jikin ginshiƙai, kuma waye ya biya.

Amsar tana cikin yadda addinin yake tafiya a can. Mutanen Tailan, fiye da kashi 90 cikin ɗari, suna bin tafarkin Theravada, wanda a cikinsa ɗan zuhudu ba ya noma, ba ya kasuwanci. Da asuba yake fita ba takalmi da ƙoƙonsa a karɓi abin da jama'a suka zuba masa, kuma ba ya cin abinci bayan rana ta take tsaka. Duk abin da ya mallaka, da duk abin da gidan bauta ya mallaka, kyauta ce. Su kuma masu bayarwa sun yi imani da cewa suna tara lada ne da za ta bi su har rayuwa ta gaba, kuma gwargwadon kyan abin da ka bayar, gwargwadon abin da ka tara. To, a nan kasuwa ta buɗe. Mai neman lada yana bukatar masaƙi ya saƙa masa mayafin ɗan zuhudu da dogayen tutocin da ake ratayawa a harabar bauta. Yana bukatar masassaƙi, da mai zane a bango, da mai yin takardar da za a kwafi nassi a kai, da mai shafa ƙaron itace a akwatin da za a adana nassin. Gidan bauta shi ne babban mai saye, shi ne makaranta, shi ne kuma wurin baje koli, domin aikin da ya hau bangon Wat Phra Singh kowa a gari zai gan shi ya san hannun wa ya fito.

Akwai wani ɓangaren tarihin da takardun talla suke tsallakewa. Ƙasar Bama ta mallaki Chiang Mai daga 1558 har zuwa 1774, kuma yaƙin korarta ya bar garin kango na kusan shekara ashirin. Da Sarki Kawila ya koma cikinsa a 1796, mutane ya rasa, ba ƙasa ba. Sai ya riƙa kai hare-hare ƙasashen Shan da sauran garuruwan arewa yana kwaso jama'a, musamman masu sana'a, yana zaunar da su unguwa-unguwa a bayan ganuwa. Maƙeran azurfa na unguwar Wualai, kudu da ƙofar gari, daga cikin waɗannan suka fito. Masu aikin ƙaron itace kuwa 'yan ƙabilar Khoen ne daga yankin Kengtung, har kayan ma da sunansu ake kiran su a yaren garin. Wato abin da ake nuna wa baƙo a matsayin gadon Chiang Mai tun kaka da kakanni, kaso mai tsoka nasa aikin jikokin ganimar yaƙi ne. Wannan bai rage wa aikin kyau ba, amma ya kamata a faɗa.

Laimar ƙauyen Bo Sang ta fi kowace sana'a nuna yadda abin ya juya. Ƙauyen yana kimanin kilomita 9 gabas da birni. Tarihin baka na mutanen wurin ya ce wani ɗan zuhudu mai suna Phra Intha ne ya koyo sana'ar a wata tafiya da ya yi wajen Bama, ya dawo ya koya wa 'yan garinsu, suka riƙa yi bayan girbi suna kai wa gidan bauta sadaka. Aikin kansa abin kallo ne. Ana sassaɓe ɓawon wani itace da suke kira sa, a jiƙa, a dafa, a daka shi da kulki har ya zama ɓarzajje, a watsa cikin kwamin ruwa, a tsamo da faifan raga a shanya. Idan ya bushe sai a ɓamɓaro takarda mai tauri. Wani yana tsaga gora yana fere haƙarƙarin laima, wani yana kan injin juyi yana fitar da kan laimar daga itace mai taushi, wata tana ɗaure haƙarƙarin da zare, wata tana manna takarda. A da, kowane mataki yana gida daban, wani ma a ƙauye daban. Takardar, alal misali, an san ƙauyen Ton Pao da ita.

Abin da baƙo yake tararwa yau kuwa rumfa ce guda da aka jera dukkan matakan a cikinta domin ya bi su cikin minti goma sha biyar. A ƙarshen layi akwai masu zane da za su ɗora masa giwa ko fure a bayan waya, ko a jaka, ko a ƙafar wando, nan take. Ƙofar fita kuma ta cikin kanti take bi. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa direba ko jagoran da ya kawo mota yana da la'adarsa a yawancin irin waɗannan wurare, shi ya sa za ka ga ana gaggauta mutane a gaban mai daka ɓawo, amma a bar su su sake a gaban kanta. Laimar ma ta canja. Wadda aka yi domin ruwa da rana mai kauri ce, an shafe ta da mai, launinta ɗaya. Wadda ake yi domin akwatin jirgi ƙarama ce, mai walƙiya, ba ta taɓa ganin damina ba kuma ba za ta gani ba.

Wanda yake so ya san inda kuɗin lada suka koma, sai ya tsaya a shagunan da ke bakin ƙofar gidajen bauta ya ga abin da 'yan ƙasa suke saye. Bokitin roba ne ruwan ɗorawa, an cika shi da sabulu, man goge baki, tocila da maganin ciwon kai, an naɗe da leda. Mayafin 'yan zuhudu daga masaƙar inji yake zuwa. Mutum-mutumin Buddha na gwangwani da na roba jibge suke. A Bankok akwai unguwar Ban Bat, inda ake ƙera ƙoƙon bara na 'yan zuhudu da hannu daga ƙarfe gutsure takwas. Tun da na kamfani ya cika kasuwa a shekarun 1970, gidaje ƙalilan suka rage a sana'ar, kuma baƙi suna cikin manyan masu sayen abin da suke ƙerawa. Ga yadda lamarin ya kife ke nan: mai imani yana kai wa gidan bauta kayan inji, wanda bai yi imani ba yana ɗaukar aikin hannu ya kai falonsa a Jamus.

Saboda haka ba adalci ba ne a ɗora wa baƙo laifin lalacewar sana'ar. Ya tarar da ita tana tangaɗi. In ba don motocin nan da ke tsayawa a hanyar San Kamphaeng ba, da 'ya'yan masu yin laima da yawa sun tafi aikin kamfani. Hukuma ma ta sa hannu: Sarauniya Sirikit ta kafa gidauniyar tallafa wa sana'o'in hannu a 1976, gwamnatin Thaksin Shinawatra ta fito da shirin kowace gunduma da hajarta a 2001, sannan hukumar UNESCO ta sa Chiang Mai cikin jerin biranen sana'ar hannu a 2017, jerin da birnin Bida na jihar Neja ya shiga a 2021 saboda tagulla da gilashinsa. Duk wannan ya riƙe hannun mai sana'a kada ya saki. Abin da bai riƙe ba shi ne idon mai saye. Tsohuwar da za ta kai tuta gidan bauta ta san saƙa mai kyau, za ta mayar da marar kyau. Baƙon da ke da minti ashirin bai sani ba, kuma ba zai dawo ba. Sana'ar da mai sayenta ba ya iya kushe ta, sannu a hankali sai ta yi sanyi.

Wuri ɗaya da na ga ya yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar shi ne Wat Sri Suphan, a tsakiyar unguwar Wualai. An kafa shi tun wajen 1500, amma a 2004 shugabanninsa da maƙeran unguwa suka fara lulluɓe ɗakin naɗin 'yan zuhudu da farantan ƙarfe masu zane, ciki da waje, aikin da ya ɗauki shekara goma sha biyu. Ana ce masa gidan bauta na azurfa, ko da yake mafi yawansa alminiyam ne da gaurayen ƙarfe. Azurfa ta gaske a muhimman wurare kawai aka sa. Wasu na ganin wannan a matsayin ƙyale-ƙyalen jan baƙi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, musamman da dare idan aka kunna masa fitilu masu canja launi. Amma a harabar akwai rumfunan da ake koyar da bugun ƙarfe, har da 'yan zuhudu a cikin masu riƙe guduma da kurfi, suna fitar da zane a kan faranti da aka kwantar bisa ƙaro. Gidan bauta ya koma mai ba da aiki kuma makaranta, kamar da. Sai dai mata ba sa shiga wannan ɗaki, bisa wata tsohuwar al'adar Lanna, don haka rabin masu ziyara, da matan unguwar da ke cikin sana'ar, daga waje suke tsayawa.

Rabin safiyar ma bai tsira daga gaggawa ba. Ƙa'idojin da ake gaya wa baƙo daidai ne: ya cire takalmi, ya rufe kafaɗa da gwiwa, kada ya miƙe ƙafa ta fuskanci mutum-mutumin Buddha, mace kada ta taɓa ɗan zuhudu. Amma ana ba shi su ne kamar dokar filin jirgi. A gidan bautar Doi Suthep, wanda tarihin gari ya ce an kafa a 1383 a inda wata farar giwa mai ɗauke da tsarkakakken ƙashi ta faɗi, mutum zai hau matakala fiye da 300 ya tarar da masu ibada suna kewaya hasumiyar zinariya sau uku da furanni a hannu, su kuma masu ɗaukar hoto suna tare musu hanya. Titin da motar ta hawo kansa aikin lada ne: shahararren ɗan zuhudu Khruba Siwichai ne ya tara dubban 'yan sa-kai suka fasa shi da hannu, aka gama a 1935 cikin abin da bai cika wata shida ba. Mutum-mutuminsa yana gindin dutsen, 'yan ƙasa suna tsayawa, motocin baƙi galibi suna wucewa.

Inda sana'a da ibada suke har yanzu a ƙwarya ɗaya, ba ya cikin tsarin yini guda, domin yana da lokacinsa. Bayan zaman damina na 'yan zuhudu, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, akan yi bikin miƙa musu sabon mayafi. A wasu garuruwa, irin su Mae Chaem da ke kudu maso yamma da birni, akwai nau'in bikin da ake tsinko auduga, a gurje, a kaɗa, a saƙa, a ɗinka, a rina, duk cikin kwana ɗaya, mata suna kwana a kan aiki don mayafin ya isa kafin wa'adi. Babu kanti a ƙofar fita.

Hukuncina a kan tsarin yini guda shi ne, yana ciyar da mai sana'a amma yana ɓoye wa baƙo dalilin sana'ar. Mai karatu da hanya ta kai shi Chiang Mai, ko don kasuwanci ko don karatu, ya sallami motar kamfani. Ya je Wualai da ƙafa a ranar aiki, ba daren Asabar da titin yake zama kasuwar baƙi ba, ya bi ƙarar guduma har ya sami mai ita, ya yi ciniki da shi kai tsaye. In lokacin salla ya riske shi, masallacin Ban Ho na jikokin fataken Yunnan yana gabas da ganuwa, kusa da kasuwar dare.