Wuƙa Cikin Ruwa: Mutum Uku, Jirgi Ɗaya, Yini Guda

Mai karatu, wannan watan zan kai ka inda ba ka zata ba. Fim ɗin da ke gabanmu ba na Kano ba ne, ba na Indiya ba, kuma ya girmi iyayen da yawa daga cikinmu. Sunansa Knife in the Water, wato Wuƙa Cikin Ruwa, an yi shi a ƙasar Folan, ya fito a 1962, hotonsa baƙi da fari. Wani abokina mai tura finafinai a waya nan Arkilla ne ya sa mani shi, ya ce, "Kai da ka cika ƙorafi bisa 'yan fim, tafi ka kalli wanga, mutum ukku na kawai cikinai." Na karɓa ne don kada in ba shi kunya, ina zaton barci zai ɗauke ni kafin rabi. Sau biyu na kalle shi a daren.

Labarin ba shi da tsawo. Wani magidanci mai suna Andrzej, marubucin labarin wasanni, mai abin hannunsa, ya fito da matarsa Krystyna a mota za su tafki su yini cikin jirginsu na shaƙatawa. A hanya wani saurayi ya tsaya tsakiyar titi yana neman a rage masa hanya, saura ƙiris su take shi. Andrzej ya zazzage shi, sannan ya ɗauke shi. Da suka isa bakin ruwa, maimakon a yi sallama, sai ya gayyace shi cikin jirgin. Kada ka ɗauka kirki ne ya sa. So yake ya samu wanda zai nuna wa iyawa a gaban matarsa. Shi kuwa saurayin, wanda har fim ya ƙare ba a faɗi sunansa ba, ba ya da komai sai jakar goyo da wata wuƙa mai tsalle, kuma ya ce bai iya iyo ba. Daga nan har wayewar garin gobe, su uku ne da ruwa.

Sai na yi maka bayanin jirgin, don in ba ka gane shi ba, rabin fim ɗin ya wuce ka. Mu nan abin da muka sani kwalekwale ne, na filafili ko na gora, sai kuma mai inji. Wannan ba inji ke tafiyar da shi ba. Akwai doguwar sanda tsaye a tsakiyarsa, a jikinta ake ɗaga wani ƙaton ƙyalle, iska ta cika shi ta tura jirgin. A gindin ƙyallen akwai wata sandar a kwance, tana lilo hagu da dama gwargwadon inda iska ta fito. In iskar daga gabanka take busowa, ba dama ka tunkare ta kai-tsaye, sai ka karkata, ka yi ta tafiyar maciji, nan ka yi dama, can ka yi hagu. Duk juyawar da za a yi, sandar nan ta kwance sai ta tsallaka ɗaya gefen, wanda bai sunkuya ba ya sha ta a ka. Ƙarƙashin jirgin kuma akwai wani faifai da ke nutse cikin ruwa, shi ke hana iska ture jirgin gefe, shi ya sa wuri marar zurfi ya zama tarko. In iska ta ɗauke, kun tsaya ke nan, ko kai wane ne. A ƙasar nan sai ka je Ikko za ka ga irinsa, inda ƙungiyar masu irin waɗannan jirage, Lagos Yacht Club, take tun 1932, masu hali su fita da hantsi su zaga wajen Tarkwa Bay su dawo kafin magariba.

To, abin da ya burge ni shi ne, darakta Roman Polanski bai ɗauki jirgin a matsayin kujerar zama a yi hira ba. Aikin jirgin shi ne labarin. Ba inda Andrzej ya buɗe baki ya ce "ni ne mai gida." Igiya kawai yake miƙa wa yaron, ya ce ja, ya ce saki, ya ce wanke nan, ya hana shi fito don wai ba a fito cikin jirgi. Yaron ya raina abin, ya karɓi sandar tuƙi, nan take jirgin ya ƙi shi. Akwai inda miji da mata suka faɗa ruwa suna wanka, suka bar shi shi kaɗai, iska ta taso, jirgin ya kama gudu da shi yana kewayawa, bai san igiyar da zai kama ba, sai da Andrzej ya yi iyo ya cim masa. Shi ma yaron da nasa makamin. Ya ɗare sandar tsakiya har ƙoli, ya kuma shimfiɗa tafin hannunsa yana caka wuƙa tsakanin yatsunsa da sauri. Kowa na nuna abin da ɗayan ba zai iya ba. In ka taɓa zama majalisar da dattijo mai kuɗi da saurayi mai jini a jika suke gasar magana don wata tana saurare, ka san wannan wasan, sai dai nan ƙasan ƙafarsu ruwa ne.

A kallo na biyu ne na lura da abin da ya wuce ni a na farko, kuma a ganina shi ne gishirin fim ɗin. Ka bar mazan nan, ka sa ido kan matar. A farkon fim ita ke tuƙa mota, mijin ya dame ta da gyara har ya karɓe sitiyari. Cikin jirgi kuwa, yayin da su biyun ke cika baki, ita ce ke kama igiya ba a ce mata ba, ita ke dafa abinci, ita ke lura da komai, ba ta cewa uffan. Da gari ya waye Andrzej ya ɗauke wuƙar yaron, rigima ta kaure, wuƙa ta faɗa ruwa, yaron ya bi ta. Suka neme shi suka rasa, alhali yana maƙale bayan wata alamar ruwa, ashe ya iya iyo, ƙarya ya yi. Miji da mata suka yi cacar baki, ta kira shi matsoraci, ya yi zuciya ya faɗa ruwa ya nufi gaɓa wai zai kira 'yan sanda. Kyaftin ɗin da ya yini yana koyar da doka ya bar jirginsa tsakiyar tafki. Wa ya mai da shi gida? Krystyna, ita kaɗai, ba hayaniya. Ta iya tun farko, mai karatu. Barin su ta yi.

Amma kafin ta kai jirgin gaɓa, yaron ya dawo, kuma abin da bai kamata ba ya faru tsakaninsu. Nan ne nake da ja. Na gane cewa haushin miji ne ya kai ta, ba son yaron ba, don ta faɗa masa a fuskarsa cewa shi ma irin mijin nata ne, shekaru kawai suka raba su. Duk da haka abin ya zo da gaggawa, kamar darakta ya duba agogo. Matar da aka nuna mana mai nutsuwa fiye da kowa, ban gamsu za ta zube cikin minti biyu ba. Haka zaman da suka yi cikin ɗakin jirgi da ruwan sama ya kore su, ana wasan tsinke, miji na sauraren dambe a rediyo, ya ɗan ja fiye da kima. Jolanta Umecka da ta fito a Krystyna ba 'yar wasa ba ce kafin wannan fim, kuma a wasu wurare ana gani. Muryarta ma ta wata ce aka ɗora, kamar yadda Polanski ya ɗora tasa muryar kan Zygmunt Malanowicz da ya fito a saurayin. Leon Niemczyk ne kaɗai gogagge, kuma shi ya riƙe fim ɗin. Sannan in gaya maka gaskiya, akwai shigar wanka irin ta Turawa, ba fim ɗin da za ka kunna a tsakar gida gaban yara ba ne. Shi kansa daraktan, laifin lalata da yarinya 'yar shekara 13 da ya aikata a Amurka a 1977, ya kuma gudu a 1978 kafin a yanke masa hukunci, tabo ne da ba na rufe ido a kansa don aikinsa ya yi kyau.

Ƙarshen ne ba na mantawa. Suna cikin mota, ta gaya wa mijin cewa yaron na da rai, har ma ta ci amanarsa da shi. Ya ƙi yarda, ya ɗauka tana so ne ta kwantar masa da hankali. Suka iso mararraba, hanya ɗaya ta ofishin 'yan sanda, ɗaya ta gida. In ya yarda da ita, matarsa ta ci amanarsa. In bai yarda ba, ya kashe mutum. Motar ta tsaya, fim ya ƙare. A namu, ko a fim mai ƙarfi irin Wasila da ya taɓo cin amanar aure, ɗan kallo ya saba a kai shi har inda asiri ya tonu, a yi kuka, a yi nadama. Nan an bar ka da kayanka. A Folan hukuma ba ta so shi ba, shugaban jam'iyyar kwaminis Gomulka ya soke shi a bainar jama'a, don a ƙasar da ake cewa kowa ɗaya ne an nuna mutum mai motar kansa da jirgin kansa. A waje kuwa ya ci kyautar masu sharhi a bikin finafinai na Venice a 1962, ya shiga takarar Oscar ta finafinan ƙasashen waje, fim ɗin Fellini na Italiya ya kayar da shi.

Yanzu bari in dawo gida, don abin da ya hana ni barci ke nan. Sau nawa ka ga ruwa a fim ɗin Hausa? Da yawa. Me ake yi a bakinsa? Waƙa. A je dam, jarumi da jaruma su shiga kwalekwale, a sauya kaya kala uku, shi kuwa mai tuƙin, wanda rayukansu ke hannunsa, kyamara ta yanke shi daga kafaɗa. Ni dai ban taɓa cin karo da fim ɗinmu da ya tsaya ya nuna yadda ake loda jirgi, ko yadda matuƙi ke karanta ruwa ba. Kullum kukan furodusa shi ne ba kuɗi. To ga fim na minti 94 da mutum uku, jirgi ɗaya da mota ɗaya. Ban ce ɗaukarsa sauƙi ne ba, don mai kyamara Jerzy Lipman a kan ruwa ya yi aikin, inda haske da iska ba sa jiran kowa. Amma wahalar ta tunani ce da haƙuri, ba ta tara taurari goma ba.

Kuma ba wai ruwan ne ba mu da shi ba. Daga Arkilla zuwa gadar Kwalkwalawa bisa gulbin Rima ba wata tafiya ba ce. Ga Goronyo, ga Yawuri a bakin Kwara, ga Argungu da Sarkawanta da Sarkin Ruwanta da wasannin kabanci a Matan Fada. Bambancin kawai, Andrzej don nishaɗi ya shiga ruwa, mutanenmu kuwa don kasuwa da gona. A watan Mayu na 2021 jirgi ya nutse kusa da Warra a jihar Kebbi da mutane sama da 100. A watan Afrilu na 2022 mutum 29 suka rasu a ruwan Shagari, yawancinsu yara. A watan Agusta na 2025 wani jirgin ɗauke da mutum sama da 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo. Allah ya jiƙansu. Labari ya zo a rediyo kwana biyu, a yi jaje, shi ke nan.

Ka ɗauki tambayar da fim ɗin nan ya yini yana yi, wato maganar wa ake ji cikin jirgi, ka kawo ta mashigin gulbi ranar kasuwa. Ga matuƙi, talaka, ya duba bakin jirginsa ya ga saura taƙi ɗaya ruwa ya shiga. Ga wani alhaji da buhu goma da babur, ya ce sai an ɗora, shi da ya biya kuɗin gyaran injin bara. Ga tsohuwa da jikokinta sun riga sun zauna, hadari na haɗowa daga gabas, kuma in jirgin nan ya tashi ba wani sai la'asar. Yaron jirgi yana riƙe da igiya, yana duban maigidansa, yana duban alhaji. Marubutanmu na littafi da masu rubuta fim, wannan ɗin ba sai an nemi izinin kowa a Folan ba, kuma ranar Lahadi ake cin kasuwar Goronyo.