WASAN MASKA: DARASIN DA YA BAR WA ƊALIBAN WASAN KWAIKWAYO

Duk ɗan manomin da ya taso a yankin Funtuwa ko Malumfashi, ya kuma ce zai karanci wasan kwaikwayo a jami'a, to ya shirya amsa tambaya guda: ashe wasa ma sai an je jami'a? Mu ɗaliban wannan fanni ba mu ɗauki tambayar a matsayin jahilci ba. Mutumin da ya sayar da auduga da masara ya biya kuɗin makaranta yana da haƙƙin sanin abin da ya saya. Amsarmu kuwa tana cikin tarihin yankinmu.

A shekarar 1975 Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Dandalin da aka gina wa fannin a Samaru na ƙasa ne, an yi shi da siffar gidan Bahaushe, alamar cewa da jama'ar gari ake son yin magana. A 1977 malamai da ɗalibai suka kai Wasan Manoma garin Soba, lokacin da gwamnatin soja ke kiran kowa ya koma gona. A 1979 kuma aka zo Maska, kusa da Funtuwa, wadda a lokacin take cikin Jihar Kaduna, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Zamanin ya zo daidai da aikin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975 zuwa 1980, sa'ad da maganar taki da iri da rance take bakin kowa.

Abin yabo a wannan tsari shi ne an juya dandalin. Maimakon a haddace rubutun wani marubucin Ingila, sai a shiga gari a zauna da mutane, a saurari kukansu, sannan a ɗinka wasa da Hausa ba tare da rubutaccen littafi ba, a nuna shi a fili, a kuma tattauna bayan an gama. Tunanin ya yi kama da na Paulo Freire da Augusto Boal na ƙasar Barazil, da abin da Ngugi wa Thiong'o ya yi da mutanen Kamiriithu a Kenya a 1977, aikin da ya kai shi gidan wakafi. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa wasan ba wasa ba ne.

To amma ba a rasa nono a ruga, haka kuma ba a rasa abin gyara a aikin ɗan'adam. Aibi na farko shi ne na baƙunta. Ɗalibi ya zo ya yi 'yan kwanaki ya koma makaranta, manomin da ya buɗe baki ya ambaci wanda ya karkatar da taki shi aka bari a gari tare da wanda ya ambata. Baƙo raɓa ne. Masu tsarin da kansu sun gane haka, shi ya sa a ayyukan da suka biyo baya, irin na Bomo, suka matsa wajen sa manoma su hau dandalin da kansu.

Aibi na biyu ya fi damun mu. Sau da yawa akan yi maganar kai wa ƙauye wasan kwaikwayo kamar ana kai masa allurar rigakafi. Alhali ƙauyen yana da nasa tun kaka da kakanni. Mene ne tashe in ba wasan kwaikwayo ba? Yaran da ke fita da azumi suna yin Tsoho da Gemu ko Jatau Mai Magani sun san shiga, sun san kwaikwayon murya, sun san zambo cikin raha. Ga kalankuwa bayan kaka, inda samari ke naɗa sarakunansu su kwaikwayi mulki. Ga 'yan kama da 'yan gambara, masu faɗa wa babba gaskiya yana dariya. Ɗalibin da ya iya Boal amma ya raina tashe, ya bar jaki yana dukan taiki.

Na uku shi ne rubutu. Wasan da ba a rubuta ba yakan tafi da ranar da aka yi shi. Yau muna iya karanta Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Amma labarin Maska galibi da Turanci aka adana shi, cikin littattafan masana, inda jikokin waɗanda suka kalle shi ba za su kai gare shi ba.

Saboda haka kiranmu ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan Funtuwa da Bakori da Danja da Ƙafur da Malumfashi, shi ne mu tuna mu ba baƙi ba ne. In mun yi wasa a garinmu, gobe ma a nan za a gan mu, kuma wannan shi ne ƙarfinmu. Mu zauna da masu tashe mu koya, mu rubuta wasanninmu da Hausa, ƙungiyar marubuta kuma ta taimaka a buga su. Ta haka ne uban da ya biya kuɗin karatu zai ga amfanin gonarsa a dandali. Allah Ya sa mu dace, amin.